Sautin kewaye: Wa ke biyan kuɗin binciken da zai sauya yadda ake jin waƙa?

A watan Janairun 2024 kamfanin Apple ya sanar da kamfanonin waƙa da masu rarraba ta cewa daga lokacin zai riƙa fifita waƙoƙin da aka haɗa da fasahar sautin kewaye wajen rabon kuɗin saurare, da ƙarin da ka iya kaiwa kashi 10 cikin 100. Wata huɗu kafin nan, a Satumbar 2023, hukumar AHRC, wadda ke ɗaukar nauyin bincike a fannonin fasaha da adabi da tarihi a Birtaniya, ta bayyana cewa za ta rage yawan ɗaliban digirin digirgir da take ɗauka a kowace shekara daga 425 zuwa 300 kafin zangon karatu na 2029/2030.

Sanarwa ta farko ta fito ne daga Amurka, ta biyu kuma daga Birtaniya, kuma babu wanda ya shirya su domin su haɗu. Amma idan aka ajiye su gefe da gefe za a ga wani al'amari da ya cancanci nazari. Kasuwa ta riga ta yanke hukuncin cewa waƙar zamani za ta koma sabon salo na sauti, har ta ɗora kuɗi a kan hukuncin, alhali kuɗin gwamnati da ake horar da masu bincike masu zaman kansu da shi, waɗanda za su iya auna ko salon ya yi wa mawaƙi da mai saurare amfani, yana ƙara ƙanƙancewa. Wanda ya biya kuɗin digirin shi ne yakan zaɓi tambayar da ɗalibi zai shafe shekara uku ko huɗu yana bi. Saboda haka batun tallafin karatu a wannan fanni, duk da ƙanƙantarsa a ido, batu ne na wanda zai mallaki sanin yadda duniya za ta riƙa jin waƙa nan gaba.

Mene ne sautin kewaye?

Ɗan Adam yana gane inda sauti ya fito ne ta hanyar kwatanta abin da kunnuwansa biyu suka ji. Ƙarar da ta taso daga dama tana riga isa kunnen dama, da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa ba, sannan kai yana tare wani ɓangare nata kafin ta kai kunnen hagu. Masanin kimiyya ɗan Ingila Lord Rayleigh ya yi bayanin wannan tun a 1907. Lanƙwashe-lanƙwashen fatar kunne kuma su ne ke taimaka wa ƙwaƙwalwa ta bambance gaba da baya, sama da ƙasa. Tun da kunnen kowa da irin ƙirarsa, kowane mutum yana da nasa ma'aunin da ya saba da shi tun yana jariri.

Sitiriyo, wanda injiniyan kamfanin EMI Alan Blumlein ya nemi takardar mallakar ƙirƙirarsa a 1931, yana shimfiɗa waƙa ne a kan layi guda tsakanin lasifikar hagu da ta dama. Sautin kewaye kuwa yana ɗaukar kowace murya da kowane kayan kiɗa a matsayin abu mai zaman kansa, a haɗa shi da bayanin inda ake so ya tsaya a cikin ɗaki: a gaba, a baya, ko a bisa kan mai saurare. Na'urar da ke hannun mai saurare ita ce za ta karanta wannan bayani, ta rarraba sautin gwargwadon lasifikokin da ke gare ta, ko ta kwaikwayi kewayen a cikin hedifon. Tsarin Dolby Atmos, wanda aka fara amfani da shi a gidajen silima a 2012, yana ɗaukar layukan sauti har 128. Kamfanin Sony ya fito da nasa tsarin mai suna 360 Reality Audio a 2019, amma fasahar ba ta shiga aljihun jama'a sosai ba sai a watan Yunin 2021, lokacin da Apple Music ya sanya ta a manhajarsa ba tare da ƙarin kuɗi ga masu biyan kuɗin wata ba.

Yadda kuɗin ke sauya hannu

Abin lura game da ƙarin da Apple ya yi shi ne ba sabon kuɗi aka zuba a asusun rabo ba. Tsarin yana lissafa kowane saurare na waƙar da ke da nau'in sautin kewaye da maki 1.1, na wadda ba ta da shi kuma da maki 1, sannan a raba kuɗin da ke akwai bisa wannan lissafi. Ba sai mai saurare ya ji nau'in kewayen ba, samuwarsa kawai ta wadatar. A ɗauka, a matsayin misali, rabin sauraren wata guda na waƙoƙin kewaye ne, rabi kuma na sitiriyo zalla. Jimillar maki za ta zama 105, kason masu sitiriyo kuma zai sauka daga kashi 50 zuwa ƙasa da kashi 48 cikin 100. Abin da aka ƙara wa wani, daga kason wani aka zare shi.

Wannan ne ya sa ƙananan kamfanonin waƙa masu zaman kansu suka koka. Jaridar Financial Times ta ruwaito a lokacin cewa haɗa waƙa guda a sabon salon na iya cin ƙarin kimanin dala 1,000. Ɗakin da ake wannan aiki a cikinsa yana buƙatar aƙalla lasifika 12: bakwai a kewaye, huɗu a sama, ɗaya ta sautin ƙasa mai kauri, ga kuma gyaran bango da rufi domin kada sauti ya riƙa dawowa. Manyan kamfanoni uku da ke riƙe da mafi yawan kasuwar duniya, wato Universal da Sony da Warner, suna da ƙarfin sake haɗa tsofaffin waƙoƙinsu dubbai. Ƙaramin kamfani da mawaƙi mai cin gashin kansa ba su da wannan ƙarfi. Idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, amma a nan sai mai hali ne ke iya sayen takalmin sabuwar rawar.

Tambayoyin da suka rage

Da a ce an riga an tabbatar da cewa sabon salon ya fi tsohon daɗin ji, da gardamar ta yi sauƙi. Sai dai akwai manyan tambayoyi da har yanzu injiniyoyin sauti ke lalube a kansu, kuma irinsu ne aikin digirin digirgir ya dace da su.

Ta farko ta shafi bambancin waƙar zamani da kiɗan gargajiyar Turai. Bincike mai yawa da aka yi a baya kan ɗaukar sauti mai kewaye ya karkata ne ga kiɗan da ake yi a manyan zaurukan kiɗa. A can akwai abin kwatance: mai bincike zai iya zama a zauren ya ji, sannan ya auna ko abin da aka naɗa ya yi kama da shi. Waƙar zamani ba ta da zauren da za a koma wa. Ana ɗaukar murya yau, a buga ganga da kwamfuta gobe, a ƙara amshi a wani gari dabam. Wurin da mai saurare ke ji kamar yana ciki ƙirƙirarre ne tun daga tushe. Idan haka ne, da wane ma'auni za a ce an sanya murya a inda ya dace? Wannan tambaya rabinta kimiyyar ji ce, rabinta kuma hukuncin mai fasaha.

Ta biyu ta shafi ƙarfi da dunƙulewar sauti. Shekaru da dama masu haɗa waƙar zamani sun dogara ne da matse dukkan sautukan wuri guda a matakin ƙarshe, abin da ke sa ganga da murya da sautin ƙasa su manne, su bugi ƙirjin mai saurare tare. A tsarin da kowane sauti ke tsaye shi kaɗai a wurinsa, babu wannan mashiga guda da komai zai bi. Bugu da ƙari, ƙa'idar miƙa waƙar Atmos ta kayyade ƙarfin sauti ƙasa da yadda aka saba fitar da waƙoƙin zamani na sitiriyo. Shi ya sa wasu masu saurare ke cewa nau'in kewayen na waƙar da suka sani ya yi musu sanyi, ko muryar mawaƙin ta yi nisa.

Ta uku ita ce rashin daidaito tsakanin na'urori. Yawancin mutane da hedifon suke saurare, kuma Apple yana amfani da nasa tsarin kwaikwayon kewaye a hedifon, wanda ya bambanta da na Dolby da injiniya ya yi aiki da shi a situdiyo. Ke nan abin da mawaƙi ya amince da shi a ɗakin haɗi ba lallai ne ya zama abin da masoyinsa zai ji a waya ba.

Ta huɗu ita ce ta kunnuwa. Domin a kwaikwayi kewaye a hedifon, dole a yi amfani da awon wani kai da wasu kunnuwa, sau da yawa na mutum-mutumin gwaji. Wanda ƙirar kunnensa ta yi nisa da wannan awo zai iya jin sautin gaba kamar daga baya yake, ko kamar a tsakiyar kansa. Ɗaya daga cikin rumbunan awo da masu bincike suka daɗe suna dogaro da su, wanda Jami'ar Kaliforniya da ke Davis ta fitar a 2001, ya ƙunshi awo 45 ne kacal. An samu ƙarin rumbuna bayan nan, ciki har da na Jami'ar York, kuma a 2022 Apple ya fara bai wa masu iPhone damar ɗaukar hoton kunnensu domin daidaita sautin. Amma galibin awon an yi shi ne a ɗakunan gwaji na Turai da Amurka da gabashin Asiya. Ko ya wakilci sauran al'ummar duniya, tambaya ce da sabon awo kaɗai zai amsa, shi kuma awo sai da kuɗi.

Tsakanin hukumomi biyu

Birtaniya na cikin ƙasashen da suka fi ƙarfi a binciken sauti. Jami'o'in York da Surrey da Salford da Southampton da Huddersfield da Queen Mary ta Landan duk suna da cibiyoyin da aka san su a fannin. Tsakanin 2013 da 2019 hukumar EPSRC, mai kula da binciken injiniyanci da kimiyyar zahiri, ta ɗauki nauyin wani babban shiri mai suna S3A, wanda ya haɗa Surrey da Salford da Southampton da sashen bincike na BBC kan yadda za a kai sautin kewaye gidajen jama'a. A 2019 Queen Mary ta buɗe cibiyar horar da masu digirin digirgir kan ƙirƙirarriyar basira da kiɗa. A watan Maris na 2024 kuma EPSRC ta sanar da sabbin cibiyoyin horarwa 65, da kuɗin da ya haura fam biliyan ɗaya idan aka haɗa da gudummawar jami'o'i da kamfanoni.

Matsalar ita ce ɗalibin da ke son nazarin yadda ake haɗa waƙar zamani a sautin kewaye yana faɗawa ne tsakanin hukumomi biyu. A wurin masu tantance buƙatun injiniyanci, aikinsa ya yi kama da na mai fasaha, domin ba sabuwar dabarar lissafi zai ƙirƙiro ba. A wurin masu tantance buƙatun fasaha da adabi kuma, aikinsa ya cika awo da na'urori, ga shi yana takara da masu nazarin tarihi da falsafa da harsuna a kan guraben da ake ragewa. AHRC ta ce za ta karkata wani ɓangare na guraben da suka rage zuwa fannoni na musamman, ciki har da tattalin arzikin masu ƙirƙira, sannan ta zuba fam miliyan 75.6 a shirin CoSTAR na ɗakunan gwajin fasahar fim da wasanni. Wannan na iya buɗe ƙofa ga wasu. Sai dai gina ɗakin gwaji daban ne, biyan mutumin da zai zauna a cikinsa shekara huɗu yana tambaya daban.

Su kansu jami'o'in suna cikin matsi. Alƙaluman kashe kuɗi na jami'o'in ƙasar sun daɗe suna nuna cewa abin da suke samu kan ɗaliban bincike bai kai rabin abin da suke kashewa a kansu ba, kuma da kuɗin makarantar ɗaliban ƙasashen waje ake cike giɓin. Da adadin waɗannan ɗalibai ya ragu bayan tsaurara dokokin biza a 2024, sai aka shiga yanke-yanke. Jami'ar Oxford Brookes ta sanar da rufe karatun kiɗa a ƙarshen 2023, Jami'ar Kent kuma ta sanya kiɗa da fasahar sauti cikin darussan da za ta daina koyarwa a 2024. Wannan na faruwa ne a ƙasar da ƙungiyar UK Music ta ƙiyasta cewa harkar waƙa ta samar wa tattalin arzikinta fam biliyan 7.6 a 2023.

Ga ɗalibin da ya yi sa'ar samun gurbi, mafi ƙarancin alawus ɗin da hukumar UKRI ta kayyade ya tashi daga fam 19,237 a zangon 2024/2025 zuwa fam 20,780 a zangon 2025/2026, kuma ba a cire masa haraji. Kuɗi ne da zai riƙe mutum guda da ƙyar a garuruwan da haya ta yi tsada. Ƙwararren injiniyan sauti da ya shekara goma a situdiyo, wanda shi ne ya fi kowa sanin inda matsalolin suke, da wuya ya ajiye aikinsa da iyalinsa ya koma kan wannan alawus. Ta haka fannin ke rasa mutanen da ya fi buƙata.

Ladan kuturu

Inda kuɗin gwamnati ya gaza, na kamfani ne ke shigowa. Akwai tsarin da kamfani ke haɗa kuɗi da hukuma ko jami'a a ɗauki ɗalibi, ya yi wani ɓangare na karatunsa a wurin kamfanin. Amfanin wannan a fili yake. Ɗalibi yana samun na'urorin da jami'a ba za ta iya saya ba, da ainihin layukan waƙoƙin da aka naɗa daban-daban, waɗanda dokar haƙƙin mallaka ke hana mai bincike samu cikin sauƙi, sannan sau da yawa aiki na jiransa idan ya gama.

Amma Bahaushe ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba sai kamfani ya umarci ɗalibi ya murɗe sakamako ba, kuma ba zargin da ake yi ke nan ba. Tasirin yana shiga ne tun wajen zaɓen tambaya. Kamfanin da ke sayar da wata fasaha zai biya a binciko yadda za a inganta ta. Da wuya ya biya a binciko ko talakan mai saurare, a cikin hayaniyar mota da hedifon mai araha, yana iya bambance ta da sitiriyo, ko kuma nawa sabon tsarin rabon kuɗi ke zarewa daga aljihun ƙananan mawaƙa. Haka nan yarjejeniyar sirri kan jinkirta fitar da kundin bincike, kuma tsarin da kamfani ya rufe cikinsa ba ya barin wani mai bincike ya maimaita gwajin domin ya tabbatar. Ilimin da ba za a iya maimaita gwajinsa ba yana da rauni, komai kyawunsa.

Abin da tarihi ya nuna

Wannan ba shi ne karon farko da masana'antar waƙa ta yi yunƙurin wuce sitiriyo ba. A shekarun 1970 an fito da tsarin lasifika huɗu, amma kamfanoni suka rabu kan tsare-tsaren da ba sa jituwa da juna, masu saye suka ruɗe, kasuwar ta mutu. A farkon shekarun 2000 an sake gwadawa da faya-fayen SACD da DVD-Audio, su ma ba su karɓu a wurin jama'a ba. A duka lokutan biyu talla ce ta riga fahimta.

A tsakiyar wancan ruɗani na farko ne masanin lissafi na Oxford Michael Gerzon, tare da Farfesa Peter Fellgett na Jami'ar Reading da wasu abokan aiki, suka shimfiɗa tsarin Ambisonics, wanda ke bayyana sautin da ke kewaye da mutum ta hanyar lissafi, ba tare da ɗaure shi ga adadin lasifika ba. Wata hukumar gwamnatin Birtaniya mai tallafa wa ƙirƙire-ƙirƙire ce ta mara wa aikin baya. A kasuwa bai yi nasara ba, kuma Gerzon ya rasu a 1996 bai ga ribarsa ba. Shekara 20 bayan rasuwarsa, a 2016, YouTube ya ɗauki tsarin domin bidiyon da ake kallo ta kowace kusurwa, a lokacin da takardun mallakar farko suka riga suka ƙare, kowa na iya amfani da shi kyauta. Yau shi ne ginshiƙin kayan aiki masu yawa da ɗalibai ke gwaji da su.

Misali na biyu kowa ya san shi ko da bai san asalinsa ba. Kundin digirin digirgir da Karlheinz Brandenburg ya kammala a Jami'ar Erlangen da ke Jamus a 1989, kan yadda za a rage nauyin sauti ta hanyar zubar da abin da kunne ba ya ji, yana cikin tushen MP3. Cibiyar Fraunhofer, wadda ke samun wani ɓangare na kuɗinta daga gwamnati, ta ci gaba da aikin, ta kuma shafe shekaru tana karɓar kuɗin lasisi har zuwa 2017. Duk wanda ya taɓa tura waƙa daga waya zuwa waya ya ci moriyar wannan kundi. Darasin misalan biyu ɗaya ne: irin wannan bincike yakan ɗauki shekara 10 zuwa 40 kafin ya biya, wa'adin da babu kamfanin da ke lissafin riba duk wata uku da zai jira.

Hujjar masu ja

Akwai masu ganin cewa bai kamata a ɗauki harajin ma'aikacin jinya ko direban bas a biya binciken da Apple da Dolby za su fi kowa cin gajiyarsa ba, musamman ganin cewa waɗannan kamfanoni sun fi jami'o'in kuɗi nesa ba kusa ba. Suna kuma tunatar da cewa yunƙuri biyu sun faɗi a baya, kuma Spotify, manhajar da ta fi kowace yawan masu biyan kuɗin saurare a duniya, ba ta bi sahun Apple da Amazon da Tidal ba lokacin da suka rungumi Atmos. Idan yayi ne mai wucewa, me zai sa a ɗaure matashi shekara huɗu a kansa?

Hujja ce mai nauyi, kuma ta isa ta hana gwamnati biyan kuɗin aikin da bai wuce goge hajar wani kamfani ba. Amma ba ta rushe buƙatar bincike mai zaman kansa ba. Idan fasahar yayi ce, wanda ba ya cin albashin mai sayar da ita ne kaɗai zai iya nuna hakan da hujja. Idan kuma ta zo zama ne, jama'a na da buƙatar kada ƙofar shigarta ta kasance a hannun kamfani guda. A watan Janairun 2025 Google da Samsung suka sanar da tsarin Eclipsa Audio, wanda ba a biyan kuɗin lasisi kafin amfani da shi. Su ma kasuwa suke nema, amma buɗaɗɗen tsari yana bai wa ɗalibi damar leƙa cikinsa, ya gwada, ya wallafa abin da ya gani. Ma'aunin da ya dace ga kuɗin jama'a shi ne a sanya sharaɗi: a wallafa sakamako kowane iri ne, a buɗe bayanan gwaji, a faɗaɗa masu sauraren gwaji su wuce ɗaliban sashen da aka saba tarawa, a kuma samar da kayan aikin da ƙaramin situdiyo zai iya amfani da su da hedifon kawai.

Inda abin ya shafi Najeriya

Waƙoƙin Najeriya suna cikin asusun rabon da ake magana a kai. Spotify ya ce ya biya mawaƙan ƙasar sama da Naira biliyan 58 a 2024, kuma ƙungiyar IFPI ta ce kuɗin shigar waƙa a Afirka kudu da Sahara ya ƙaru da kashi 22.6 cikin 100 a wannan shekara. Fitattun mawaƙan da ke da yarjejeniya da manyan kamfanonin duniya, irin su Burna Boy da Wizkid, suna da masu ɗaukar musu nauyin sabon haɗi. Mai situdiyo a Kano ko Kaduna ko Jos, wanda ke fama da man janareta, yana cikin waɗanda lissafin maki 1 da 1.1 ke rage wa kaso a duk lokacin da waƙarsa ta shiga manhajar Apple.

Ta fuskar fasaha kuma akwai abin da kiɗan wannan yanki zai koya wa fannin. Wanda ya taɓa tsayawa a dandalin biki ya san cewa makaɗa ba sa jeruwa a layi guda a gabansa. Mai kalangu yana zagayawa, 'yan amshi suna gefe, guɗa tana tasowa daga baya. Kiɗan da aka gina kan waƙa da amshi da ganguna masu amsa wa juna, tun asali a kewaye ake jin sa, sitiriyo ne ya matse shi. Yadda za a naɗa shi a adana shi da wannan siffa tambaya ce ta digirin digirgir mai kyau, kuma da wuya wani ya yi ta idan ba wanda ya tashi cikin kiɗan ba.

Hanyar zuwa can tana da ƙunci. Tun zangon 2021/2022 UKRI ta buɗe gurabenta ga ɗaliban ƙasashen waje, amma ba za su wuce kashi 30 cikin 100 ba, kuma kuɗin makarantar da take biya na 'yan ƙasa ne, fam 5,006 a zangon 2025/2026, alhali na baƙi a jami'o'i da dama ya haura fam 20,000. Wasu jami'o'in suna yafe bambancin, wasu ba sa yafewa, don haka wannan ce tambayar farko da mai nema ya kamata ya yi kafin ya yi murna da tallar da ta ce an ɗauki nauyin komai. Akwai kuma harajin lafiya na fam 776 a kowace shekara, wanda ake biya gaba ɗaya tun wajen neman biza. A gida kuma, asusun TETFund ya dakatar da tura malaman manyan makarantu karatu ƙasashen waje daga farkon 2025, bisa dalilin tsadar canji da kuma waɗanda ba sa dawowa.

Dakatarwar ta bar nauyi a wuyan jami'o'in cikin gida. Ba kowane ɓangare na wannan bincike ne ke buƙatar ɗaki mai lasifika 12 ba. Gwajin saurare da hedifon, da naɗar kiɗan gargajiya da makirufo mai ɗaukar kowace kusurwa, da nazarin yadda rabon kuɗi ke shafar ƙananan mawaƙa, duk ayyuka ne da sashen injiniyan lantarki da na aikin jarida ko wasan kwaikwayo za su iya haɗa hannu su yi da kuɗi madaidaici. Abin da ya hana a Birtaniya, wato rabuwar injiniya da mai fasaha wajen neman tallafi, shi ne abin da ya kamata a kauce masa tun daga farko.

A halin da ake ciki, kamfanoni ne ke tsara ƙa'idar, su ne ke raba kuɗin, kuma sannu a hankali su ne ke zama manyan masu ɗaukar nauyin waɗanda za su auna aikinsu. Guraben da AHRC za ta rage sun kai 125 a kowace shekara, kuma kaɗan ne daga cikinsu da ma za su je ga sauti. Amma kundi guda ne ya taimaka wajen haifar da MP3, kuma mutane ƙalilan ne suka shimfiɗa Ambisonics. Ƙasar da ta bar wannan ƙaramin kashe kuɗi ga masu haja, ita da mawaƙanta za su karɓi duk ƙa'idar da aka miƙo musu, ba tare da suna da wanda zai duba musu ita ba.